YAUSHE ƊAN WASA ZAI KOMA FILI BAYAN CIWON NUMFASHI?

A ranar 14 ga watan Janairu, 2022, kociyan ƙungiyar ƙwallon ƙafa ta Bayern Munich da ke ƙasar Jamus a lokacin, Julian Nagelsmann, ya shaida wa 'yan jarida cewa Alphonso Davies ba zai sake taka ƙwallo ba sai abin da hali ya yi. Yaron ya kamu da cutar korona, ya kuma warke a ganin ido, har ya soma shirin komawa atisaye. To, amma da likitoci suka duba shi sai suka tarar da ɗan kumburi a tsokar zuciyarsa. Shekarunsa 21 kacal a sa'an nan, kuma yana cikin waɗanda suka fi kowa gudu a Turai.

A cikin wannan mako ne dai irin haka ta faru a Kamaru, inda ake gasar cin kofin ƙasashen Afirka. Kyaftin ɗin Gabon, Pierre-Emerick Aubameyang, ya kamu da cutar, kuma da aka auna shi bayan ta sake shi, likitoci ba su gamsu da abin da suka gani a zuciyarsa ba. Aka hana shi wasan da ƙasarsa ta yi da Gana, daga bisani aka mai da shi Landan bai buga ko wasa ɗaya ba. Can aka sake bincike aka ce zuciyar lafiya lau take. Bayan wata biyu sai ga shi cikin rigar Barcelona ya jefa wa Real Madrid ƙwallo biyu a gidansu.

Mai karatu zai iya tambaya, ina ruwan zuciya da ciwon da ya shiga ta hanci? Amsar ita ce ƙwayar bairus ba kullum take tsayawa a maƙogwaro da huhu ba. Wani sa'i ita kanta, ko kuwa yaƙin da jiki yake yi da ita, yakan jawo kumburin tsokar zuciya, abin da likitoci ke kira mayokadaitis. Ba korona kaɗai ke yin haka ba, gama tun kafin zuwanta an san mura mai tsanani da wasu ire-irenta suna yi. Mutumin da ke zaune a ofis yana iya samun wannan kumburi ya warke bai ma sani ba. Amma ɗan wasa yana tilasta wa zuciyarsa ta buga sau 180 ko fiye a minti ɗaya, ita kuwa tsoka mai kumburi idan aka matsa mata bugunta na iya rikicewa farat ɗaya. Saboda haka ne ake lissafa wannan ciwo cikin sanannun dalilan da ke sa matashi ya yanke jiki ya faɗi a fili.

Kada kuma a firgita fiye da kima. Wani bincike da aka buga a 2021 ya duba ƙwararrun 'yan wasa 789 na manyan gasannin Amurka ta Arewa waɗanda suka yi korona, biyar kaɗai aka samu da kumburi a zuciya ko a tantaninta. Wani kuma da aka yi kan ɗaliban jami'o'in Amurka 1,597 da na'urar MRI ya gano 37, kuma akasarinsu ba su ji wata alama ba. Watau abin ba shi da yawa, sai dai yana iya ɓuya.

Da farkon annobar, a 2020, likitocin wasanni na Birtaniya sun ba da shawarar a huta aƙalla kwana 10, kuma a yi kwana 7 ba wata alama kafin a soma motsa jiki. Daga nan sai a bi mataki mataki: tafiya da sassarfa, sa'an nan gudu, sa'an nan atisaye tare da sauran 'yan wasa, gasa kuwa ita ce ta ƙarshe. Duk matakin da gajiya ko haki ya dawo, a koma baya. Da ilmi ya ƙaru an sassauta. A 2022 ƙungiyar likitocin zuciya ta Amurka ta ce wanda bai ji komai ba hutun kwana 3 ya ishe shi, gwajin zuciya kuma sai ga mai ciwon ƙirji, ko faɗuwar gaba, ko haki, ko suma. Abin da ba a sassauta ba a lokacin shi ne hukuncin wanda aka tabbatar da kumburin a jikinsa: wata 3 zuwa 6 ba wasa.

Ga ɗalibin da ke buga wa makarantarsa ƙwallo, wanda ba MRI a kusa da shi, akwai wata tsohuwar ƙa'ida ta masu horarwa mai sauƙin riƙewa. In ciwon ya tsaya daga wuya zuwa sama, kamar majina da atishawa, ana iya motsa jiki kaɗan. In ya sauka ƙirji, ko akwai zazzaɓi da ciwon gaɓoɓi, to a kwanta. Yana da kyau kuma mutum ya riƙa ƙirga bugun zuciyarsa da asuba kafin ya tashi. Muddin ya ɗara yadda ya saba ƙwarai, jiki bai gama aikinsa ba tukuna.

Wahalar dai ba a ƙa'idar take ba, a bin ta take. A gasar Olamfik ta Faris a 2024, Noah Lyles na Amurka, wanda ke da asma tun yana yaro, ya shiga tseren ƙarshe na mita 200 kwana biyu bayan an tabbatar yana da korona. Ya zo na uku, Letsile Tebogo na Botswana ya ɗauki zinariya, shi kuwa a keken marasa lafiya aka fitar da shi daga fili. Mutane da yawa sun yaba da jaruntakarsa. A ganina sa'a ya yi, kuma bai kamata malamin wasanni ya buga misali da shi ga yara ba. Ko waɗanda zuciyarsu ta tsira ma ba nan take ƙarfi ke dawowa ba: Lewis Hamilton, mai tseren mota, ya yi korona a Disamba 2020, amma a Agusta 2021 jiri ya ɗebe shi bayan tsere a Hungari, ya ce yana zaton ragowar ciwon ce.

Davies dai ya yi haƙuri. Yana gida Kanada ta sami gurbin gasar cin kofin duniya a Maris 2022, karo na farko tun 1986. Ya koma fili a watan Afrilu, kusan wata uku bayan waccan sanarwa. A ranar 27 ga Nuwamba, a Katar, wasa da Kuroshiya bai cika minti biyu ba ya sa kai ya jefa ƙwallo a raga, wadda ita ce ta farko da mazan Kanada suka taɓa ci a tarihin gasar.