Rufa-Rufa Ba Ta Kare Yaro A Coci

Ran 12 ga Nuwamba 2024 Babban Bishop na Kantabari, Justin Welby, wato shugaban Cocin Ingila, ya ba da sanarwar ajiye aikinsa. Dalili kuwa shi ne wani rahoto da Keith Makin ya fitar a kan wani lauya mai suna John Smyth.

Shi wannan lauya yana cikin shugabannin da ke shirya wa 'yan makaranta zangon koyon addini lokacin hutu. Daga can yakan jawo yara a jiki, ya kai su wata rumfa a gidansa na Winchester, ya tuɓe su, ya zane su da bulala har jini ya zuba, wai yana tsarkake su daga zunubi.

Tun 1982 wani limamin coci ya rubuta wa manya abin da ke gudana. Maimakon su kai wa 'yan sanda, sai suka rufe maganar don gudun abin kunya. A 1984 Smyth ya ƙaura Zimbabuwe, ya buɗe sabon zango, ya ci gaba da halinsa. A 1992 aka tsinci gawar wani yaro ɗan shekara 16 a tafkin wanka na zangon. Daga baya ya koma Afirka ta Kudu, ya mutu a 2018 ba tare da wata kotu ta hukunta shi ba. Rahoton ya ce waɗanda ya cuta sun haura 100, kuma Welby ya sami labari tun 2013 bai bi diddigin maganar ba.

Jama'a, barin kashi a ciki ba ya maganin yunwa. Shirun da aka yi a Ingila yaran Zimbabuwe ne suka biya kuɗinsa.

Mu ma nan Nijeriya muna da makarantar Lahadi, da ƙungiyar mawaƙa, da 'yan Birged, da zangon matasa. Saboda haka kada a ba kura ajiyar nama. A binciki halin duk wanda za a ba shi yara, a tambayi inda ya baro da abin da ya raba shi da su. Kada a bar babba ɗaya da yaro a ɗaki rufe, ko wane ne shi. A riƙa sa manya biyu. Idan za a kwana, wurin kwanan manya daban, na yara daban.

Iyaye kuma, in yaro ya fara ƙin zuwa wurin da a da yake ɗoki, a zauna a tambaye shi a hankali, ban da tsawa. In ya faɗi wani abu, a kai wa 'yan sanda, kada a tsaya ga sulhun dattawa ko a sauya wa mai laifi gari. Dokar Haƙƙin Yara ta 2003 ta haramta cin zarafin yaro, ba ta kuwa keɓe fasto ko malami ba.

Rigakafi dai ya fi magani. Allah ya kare mana zuriya.