Alamar Debewa, Madubin Aljabara

'Yan'uwana 'yan makaranta, akwai wani darasi a aljabara da na ga yana ka da ɗalibai da yawa a jarrabawa, alhali kuwa ba shi da wuya. Shi ne juya zanen giraf, watau fitar da surarsa kamar yadda madubi ke yi. A ganina sirrin abin ɗaya ne: alamar debewa ita ce madubin, kuma wurin da aka ajiye ta shi ke nuna inda zanen zai juya.

Kowa ya san takardar giraf tana da manyan layuka biyu, layin x a kwance, layin y a tsaye. Wani masani Bafaranshe, Rene Dekart, shi ya shahara da haɗa aljabara da zane, a littafinsa na 1637.

To, mu ɗauki y = 2x + 1. Idan x ya zama 1, y zai zama 3, ga ɗigo (1, 3) ke nan. In muka sa alamar debewa a waje, ta rufe lissafin duka, sai mu sami y = −(2x + 1), watau y = −2x − 1. Ɗigon nan zai koma (1, −3). Abin da ke sama ya dawo ƙasa, kamar itacen da ke bakin tafki da surarsa a cikin ruwa. Layin x ne madubi a nan.

Amma in muka liƙa alamar a jikin x kaɗai, sai mu sami y = 2(−x) + 1, watau y = −2x + 1. Yanzu ɗigon ya koma (−1, 3). Abin da ke dama ya koma hagu, tsayinsa bai sāke ba. Layin y ne madubi.

Ku dubi amsoshin nan biyu, −2x − 1 da −2x + 1. Alama ɗaya tak ta raba su, amma zanensu daban, kuma nan ne maki ke zubewa.

Akwai kuma zanen da madubi ba ya sāke masa kama. In aka juya y = x² ta layin y, yana nan yadda yake, domin 3 sau 3 tara ne, −3 sau −3 ma tara ne.

Ga hanyar gwaji mai sauƙi, wadda iyayenmu ma za su iya duba mana da ita ko da ba su karanta aljabara ba. A zana layukan biyu da tawada, a ninke takardar daidai kan layin madubi, a ɗaga ta a hasken rana ko na fitila. In zanen biyu suka hau kan juna, aiki ya yi. In ba su hau ba, sai a koma a nemi inda alamar debewa ta ɓace.

Allah ya ba mu sa'ar jarrabawa, amin.