Sa Tagar Leda a Tamfol ɗin Keke Napep

'Yan uwa mata, a zaman ƙungiya ana yawan tambayata wace sana'a mai keken ɗinki za ta ƙara idan kasuwar kayan sallah ta wuce. Ga guda ɗaya. Da damina ta kusa, masu Keke Napep, wanda a Kano ake kira A Daidaita Sahu, suna neman labulen tamfol mai tagar leda don ruwa kada ya jiƙa fasinja, direba kuma ya riƙa ganin gefensa. Irin wannan ɗinkin ake yi wa rumfar jirgin ruwa ma.

Abin da nake so ku riƙe shi ne, ledar nan mai kauri ba atamfa ba ce. Duk inda allura ta huda, ramin ya zauna ke nan. In kin yi kuskure kin warware, ruwa zai bi ramukan, mai keke ya dawo miki da kaya, kuɗin rance kuma yana jiran ranar biya.

Don haka kada ki fara yanke tamfol. Ki zana tagar da alli, ki yanko leda wadda ta fi zanen da inci 1 ta kowane gefe. Ki ɗora ta ta ciki, ki manne da salatif, ban da fil. Ki ɗinke ta zagaye tukuna, sannan ki juya ki yanke tamfol ɗin da ke tsakiya a hankali, bakin almakashi kada ya taɓa ledar. Sai ki kalmashe bakin, ki sake bi da ɗinki na biyu. Wadda ta fara huda rami, tamfol zai saki, taga ta fito a karkace.

Allura mai lamba 18 ko 20 ake sawa, da zaren roba, domin na auduga ruɓewa yake yi a ruwa. Ki buɗe ɗinkin, kamar 5 ko 6 a inci ɗaya. In ya yi ƙanana, ledar za ta tsage ta bin layin, kamar takardar rasit. Kusurwa kuma ki lanƙwasa ta, mai tsini ce ke fara yagewa. Idan ledar tana kama ƙafar keke, ki shimfiɗa takarda marar kauri a kai, ki yage ta bayan kin gama.

Ki gaya wa mai keke ya riƙa naɗe labulen maimakon ninkewa, ya wanke da ruwa da tsumma mai laushi. Fetur da omo suna dusashe leda.

Kafin ki ɗauki rance a asusu, ki gwada keken naki a kan ƙyallen tamfol ninki uku, don ba kowane keke ke iya ja ba. In ya ja, ki lissafa kuɗin leda, zare, allura da ladan hannunki, ki karɓi kafin alƙalami, sannan ki sayo kaya.