Mai Neman Kansila Ba Shi Da Wurin Ɓuya

Duk cikin masu neman kujerar mulki a ƙasar nan, babu wanda idon jama'a yake kansa kamar mai neman kansila. Ɗan takarar gwamna yakan shigo gari da jerin motoci, ya hau dandamali ya yi jawabi, ya kaɗe rigarsa ya wuce. Shi kuwa mai neman kansila, waɗanda yake roƙon ƙuri'arsu su ne abokan sahunsa a masallaci, su ne masu binsa bashi a kasuwa, cikinsu ma har da surukansa. In ya yi alkawarin rijiya bai haƙa ba, tun da asuba za a yi masa sallama a ƙofar gida.

Kujerar kansila irin wadda muka sani yau ta samo asali ne daga gyaran da aka yi a 1976, zamanin Janar Olusegun Obasanjo, sa'ad da aka kawar da ragowar tsarin En'e, aka kafa ƙananan hukumomi masu fasali ɗaya ko'ina cikin ƙasa. Zaɓen da aka yi a watan Disamba na shekarar ba da jam'iyya aka yi shi ba. Haka kuma na ran 12 ga Disamba, 1987, zamanin Janar Ibrahim Babangida. Mutum ya tsaya ne da sunansa da halinsa, watau abin da unguwa ta sani game da shi.

Zaɓen ran 8 ga Disamba, 1990, shi ne wanda dattawa ba su mance ba. Jam'iyyu biyu ne kaɗai, SDP da NRC, kuma ba a jefa takarda cikin akwati ba. Layi aka yi, kowa ya tsaya bayan hoton wanda yake so, aka ƙirga kawuna a bainar jama'a. Nan ɗan takara ya ga da idonsa wanda ya ci tuwonsa jiya, yau ya bi layin abokin hamayya. Masu sukar tsarin sun ce ya tauye talaka, domin da wuya ɗan haya ya juya wa layin mai gidansa baya. Lalle suna da gaskiya. Amma dai abin da aka ƙirga, kowa ya gani.

Tsarin mulkin 1999 ya sake al'amarin. Ya hana tsayawa takara ba tare da jam'iyya ba, ya kuma danƙa zaɓen ƙananan hukumomi a hannun hukumomin zaɓe na jihohi, waɗanda gwamna ne yake naɗa mutanensu. Dubi Kano. A 2018 jam'iyyar APC ta cinye shugabanni 44 da kansiloli 484, ba ta bar ko ɗaya ba. A 2024, bayan mulki ya sake hannu, NNPP ta kwashe adadin nan cif. Ba Kano kaɗai ba ce, kusan kowace jiha haka take. Alhali kuwa a Abuja, inda INEC take gudanar da zaɓen, a 2022 APC da PDP uku-uku suka raba shugabanni shida.

Saboda haka takarar gaskiya ta tashi daga rumfar zaɓe ta koma gidajen manyan jam'iyya. Saurayin da yake sha'awar kujerar, kafin ya gai da mai unguwa sai ya fara neman kuɗin fom, sa'an nan ya yi ta zarya wurin shugabannin jam'iyya na mazaɓa, yana fatan ranar da aka zauna masalaha sunansa ne zai fito. In ya fito, saura rantsuwa.

Abin takaici, aikin da tsarin mulki ya ɗora wa ƙaramar hukuma ba ƙarami ba ne ga talaka: kasuwa, tashar mota, mahauta, maƙabarta, kwashe shara, rajistar haihuwa da mutuwa, da hannu cikin makarantun firamare da asibitocin karkara. Kansila ne ya kamata ya tsaya a majalisa ya tambayi inda kuɗin waɗannan suka shiga. Yaya wanda aka ba kujera kyauta zai tambayi wanda ya ba shi?

Ran 11 ga Yuli, 2024, Kotun Ƙoli ta yanke hukunci cewa a riƙa biyan ƙananan hukumomi 774 kasonsu kai tsaye, kuma gwamna ba shi da ikon rushe zaɓaɓɓiyar majalisa ya naɗa kantoma. Hukuncin bai taɓa batun wanda yake shirya zaɓen ba, domin wannan sai an gyara tsarin mulki.