A Daina Barin Mai Keken Guragu a Gida Ranar Yawon Sallah

Duk shekara, washegarin Sallah, sai ka ga an cika mota da yara an nufi wuraren shaƙatawa: gidan namun daji na Audu Bako a Kano, Magicland ko Millennium Park a Abuja, ko wani filin lilo da ke bakin gari. A gidaje da yawa akwai mutum guda da ba a ma tambayarsa ko zai je. Ko yaron da shan inna ya taɓa, ko magidancin da haɗarin mota ya taɓa wa laka, ko tsohuwar da shanyewar ɓarin jiki ta zaunar a keke. Sai dai a leƙa ɗakinsa a ce, "Yaya, ka huta abinka, wurin cunkoso ne, za mu kawo maka tsaraba." Wannan ɗabi'a ta ishe ni, musamman da na ga tausayi ake kiranta.

Babbar hujjar masu yin haka ita ce: tunda ba zai hau lilo ba, me zai je yi? To, ku dubi iyayen da ke raka yara. Nawa ne cikinsu suke hawa lilo? Galibinsu suna inuwa suna shan zoɓo, suna kallon jama'a, suna ɗaukar hoto, amma ban taɓa jin an ce wa ɗayansu ya zauna gida ba. Fitar kanta ita ce Sallar. Mutumin da ya kwashe watanni daga ɗaki sai tsakar gida ya fi kowa buƙatar ganin fili da jin hayaniyar jikoki. Yaro kuwa yana lura. Idan ƙannensa suka dawo da balan-balan suna labarin zaki da jimina, shi yana ƙofar ɗaki, darasin da ya ɗauka shi ne ba ya cikin lissafin gidan.

Kuma wa ya ce ba zai hau komai ba? Masu keke ba ɗaya suke ba. Wanda shan inna ya shanye wa ƙafafu sau da yawa ya fi ka ƙarfin damtse, da kansa zai sauya daga keke zuwa kujerar jirgin ƙasan yara ko motocin karo. Wani kuma likita ya hana shi duk abin da ke jijjiga wuya da baya. Shi ya san jikinsa, a tambaye shi. Gajiyar da ake cewa ana guje masa, mu faɗi gaskiya, tamu ce: ƙyuyar naɗe keke a sa a but, da ƙyuyar turawa. Wasu ma kunyar a gan su da shi suke ji, wannan kuwa sai dai mu ce Allah Ya shirye su.

Akwai kuma waɗanda za su ɗauko shi, amma da an shiga sai a kafe kekensa a gindin bishiya, a jibga masa jakunkuna da kuloli da takalman yara a cinya, a watse. Can sai wani bawan Allah ya zo wucewa ya cusa masa naira ɗari a hannu, mutum yana sanye da sabuwar shaddarsa, ya biya kuɗin shiga kamar kowa. Malam, ba duk mai keke ne ya fito bara ba. Yi masa barka da Sallah ka wuce.

Masu wuraren ma suna da nasu laifin. Amurka ta yi dokar kare masu nakasa tun 1990, kuma a filayen shaƙatawa na kamfanin Disney da ke Kalifoniya da Filorida ana ba da hayar keke a bakin ƙofa, akwai ma kwalekwalen shaƙatawa da ake shiga da keke ba sai an sauka ba. A 2013 jaridun ƙasar suka bankaɗo cewa wasu masu kuɗi na ɗaukar masu nakasa haya don su tsallake layi, kamfanin ya canza tsarinsa a shekarar, aka koma ba mutum lokacin da zai dawo. Zarin wasu ya jawo wa masu buƙatar gaske wahala. Mu ma muna da doka: Shugaba Buhari ya sa hannu kan dokar hana nuna wa masu nakasa wariya a watan Janairun 2019, ta ba gine-ginen jama'a shekara biyar su gyara hanyoyin shiga. Wa'adin ya cika a Janairun 2024. Saboda haka neman gangaren keke haƙƙi ne, a neme shi ba tare da rusunawa ba.

Kafin ranar fita, wani ya je ya duba wurin da idonsa, don a waya kowa "akwai" zai ce maka. A duba ƙofar shiga, a duba ko hanyoyin siminti ne ko yashi da tsakuwa, domin ƙananan tayoyin gaba nutsewa suke a yashi. Gangaren kirki, idan matakala ta kai tsayin santimita 15, tsawonsa ya kamata ya kai mita 1.8. Wanda ya fi haka tsayuwa, a sauko da keke da baya, mai turawa yana ƙasa. Sannan banɗaki, wanda shi ne abin da ba a son faɗa. Masu keke da yawa sukan ƙi shan ruwa tun safe don gudun neman wurin kewayawa, a ranar zafi kuwa wannan haɗari ne. Idan ƙofar banɗakin ba ta ɗaukar keke, a taƙaita ziyarar ko a sauya wuri, kuma a tafi da wanda zai iya raka shi, mace ga mace, namiji ga namiji.

A fita da hantsi ko bayan La'asar, a kuma kauce wa ranar da cunkoso ya fi yawa idan da hali. Wanda lakarsa ta taɓu, jikinsa ba ya yin zufa yadda ya kamata daga wurin raunin zuwa ƙasa, zafi na saurin galabaitar da shi, don haka lema da ruwan sanyi da ɗan tawul jiƙaƙƙe su zama a kusa. Dogon zama wuri ɗaya na haifar da gyambo, ana so ya riƙa ɗagawa ko karkata jiki duk bayan minti 15 zuwa 30, kuma kada a manta matashin zamansa a gida. A duba iskar taya da birki tun ana gobe fita.

Wajen ɗagawa aka fi yin ɓarna. A taka birki tukuna, a tambaye shi yadda ya saba, kada mutum huɗu su rufar masa kowa na jan nasa gefen. Ba a fizgar mutum ta hammata, ba a kuma ɗaga keke ta madogarar hannu ko matakin ƙafa, domin a kekuna da yawa cirewa suke. A kama ƙarfen jikin keken. Idan mai kula da lilo ya ce wannan bai dace da shi ba, a nemi dalili cikin lalama, wani lokaci gaskiyarsa ce, ɗamarar kujerar ba za ta riƙe wanda ba ya iya zama a miƙe ba. Mai sayar da tikiti kuma idan ya dubi mai turawa ya ce "me yake so?", sai a ce masa ga Kawu nan, ya tambaye shi da kansa.