Masu Shuka A Buhu: Ga Dabarar Manoman Jos

Duk wanda ya ga kabeji da karas da latas ana loda su a motoci a kasuwar Farin Gada ta Jos, zai ɗauka ƙasar da ta fid da su mai albarka ce tun asali. Alhali kuwa lambuna da yawa na bakin kogin Delimi da kewayen Bukuru suna kan filayen da aka haƙi kuza ne tun zamanin Turawa, ƙasa mai tsami wadda aka birkice. Ruwan ban-ruwan ma sau da yawa daga tafkunan da haƙar ta bari ake jawo shi.

Manoman rani su suka raya ta. Kowace shekara suna zuba mata tokar juji daga cikin gari, da kashin kaji, da na shanu, da ɗan takin zamani. Toka tana kashe tsami, amma wuta ta riga ta cinye sinadarin da ke sa ganye kore, don haka sai da kashin dabba.

Wannan ya shafi 'yan Arewa mazauna Agege da Sabon Ibadan, waɗanda ke shuka tumatir da barkono a buhu ko tsohon bokiti. Da an gama tsinka sai a kifar da ƙasar a kwata, a sake neman wata da kuɗi. Asara ce.

Abin yi shi ne a juye ta, a tsince tsofaffin saiwoyi. In an ga ƙulle-ƙulle a jikinsu, tsutsar ƙasa ta shiga, sai a jiƙa ƙasar a rufe da farar leda a rana kamar mako shida. Sa'an nan a gauraya ta da ruɓaɓɓen taki, kashi ɗaya cikin uku, da ɗan dintsin tokar murhu. Ɗanyen kashin kaji yana ƙone saiwa. Tokar bola kuwa a guje ta, gama a kan ƙone batir da roba a ciki, ga gubar dalma.

Kada a maimaita tumatir inda ya tashi, ko barkono, ko gauta, domin danginsu ɗaya, cutarsu ɗaya. Wake ko alayyafo ya fi dacewa da buhun a karo na biyu.