Lissafin da Ke Jiran 'Ya'yanmu a Jami'a

Iyaye da yawa cikin ikkilisiyoyinmu suna zato idan yaro ya sami kiredit a lissafi a jarrabawar fita sakandare, to, shi da lissafi sun yi sallama ke nan. Ba haka ba ne. Duk wanda za shi jami'a domin karatun injiniya, ko kimiyya, ko aikin gona, ko kwamfuta, ko tattalin arziki, sai ya sake gamuwa da lissafi tun makon farko. Mai karatun likita da mai karatun jinya ma ba su tsira ba, gama ƙididdiga tana jiransu a gaba. A yawancin jami'o'in Nijeriya ɗalibin kimiyya yakan yi aljabara da lissafin kusurwoyi a zangon farko na shekarar fari, a zango na biyu ya shiga kalkulas, kana ƙididdiga ta biyo. A nan ne yara da yawa sukan yi tuntuɓe. Su faɗi, su sake kwas ɗin a shekara ta biyu, wani ma a raba shi da fannin da ya zaɓa, bayan uba ya sayar da hatsi da awaki ya biya kuɗin makaranta.

Ina so in bayyana muku abin da waɗannan sunaye suke nufi, ko da ba ku taɓa taka ƙofar jami'a ba, domin in kun gane su za ku ga tushensu duka yana cikin abin da ake koya wa ɗan aji huɗu na firamare.

Mu fara da aljabara. A ce wata mace tana da awaki da kaji. An ƙirga kawuna an sami 20, an ƙirga ƙafafu an sami 56. Awaki nawa, kaji nawa? Wani zai yi ta cinta har ya dace. Mai aljabara kuwa sai ya ce, bari in kira yawan awakin x tun da ban san shi ba, kajin kuma su zama 20 ban da x. Kowace akuya ƙafa 4, kowace kaza ƙafa 2. In ya rubuta wannan ya daidaita, sai ya ga x sau 2 daidai yake da 16, watau awaki 8, kaji 12. Aljabara ke nan: a raɗa wa abin da ba a sani ba suna, a yi ta ma'amala da shi kamar an san shi, har ya bayyana kansa. Dokarta kamar ta ma'auni ce. Abin da ka yi wa hannun dama, tilas ka yi wa na hagu.

Sunan daga Larabci ya fito, daga littafin da Muhammadu ɗan Musa Alkawarizmi ya rubuta a Bagadaza wajen shekarar 820. Kalmar tana da ma'anar ɗori, kamar yadda ake ɗora ƙashin da ya karye. Na faɗi wannan ne saboda masu cewa lissafi kayan Turawa ne. A ƙasar nan tamu ma an yi wani malamin Katsina, Muhammadu ɗan Muhammadu Alkatsinawi, wanda ya yi rubutu a 1732 a kan yadda ake jera lambobi cikin murabba'i har jimlarsu ta zama ɗaya ta kowace fuska. A Alƙahira ya rasu a 1741.

Kada wani ya ce wannan wasan awaki da kaji ne kawai. Cikin aljabarar shekarar fari akwai darasin lambobi masu haifar juna, kuma shi ne lissafin bashin ruwa. Wanda ya ranci naira 100,000 bisa ruwa kashi 10 cikin 100 kowane wata, ana tara ruwan a kan uwar kuɗi, in ya yi wata 12 bai biya kome ba, abin da ake binsa ya haura naira 313,000. Da yawa sukan ƙirga a ka su ce 220,000 ne. Tsakanin lambobin nan biyu gonaki da yawa sun salwanta.

Kalkulas shi ne wanda sunansa ya fi ba yara tsoro, amma tambayarsa mai sauƙi ce. Aljabara tana aiki da abin da yake tsaye, kalkulas kuwa da abin da yake sāke-sāke. A ce mota ta yi tafiyar kilomita 120 cikin awa 2. Ɗan firamare zai raba ya ce gudunta kilomita 60 ne a awa. Amma duk wanda ya taɓa zama kusa da direba ya san allurar gudu ba ta tsaya a 60 ba. A hawa ta sauka, a gangare ta haura, a shingen hanya ta koma sifiri. To, mene ne gudun motar a daidai ƙiftawar ido ɗaya? Sai a ɗauki tafiyar minti ɗaya a raba da lokacinta. A ɗauki ta daƙiƙa ɗaya a raba. A ɗauki ta kashi ɗaya cikin goma na daƙiƙa, da kashi ɗaya cikin ɗari, haka haka. Nisan yana ƙanƙancewa, lokacin ma yana ƙanƙancewa, amma amsar rabawar tana matsowa kusa da wata lamba guda. Wannan lamba ita ake kira iyaka, ita ce kuma gudun motar a wannan ƙiftawa. Rabin kalkulas ke nan. Ku lura fa, daga farko har ƙarshe rabawa ake yi.

Ga amfaninsa a gida. Kana da wayar shinge mita 40, kana so ka kewaye lambu a jikin katangar gidanka, watau gefe uku kaɗai za ka shinge. Yaya za ka yi ka sami fili mafi girma? In faɗin ya zama mita 5, tsawon zai zama 30, fili murabba'in mita 150. In faɗin 8 ne, tsawo 24, fili 192. In 12 ne, tsawo 16, fili ya komo 192. Ashe akwai ƙololuwa a tsakani. Mai kalkulas ba ya gwaje-gwaje. Yakan tambaya, a ina ne ƙarin faɗi ya daina ƙara fili? Ya rubuta saurin ƙaruwar, 40 ban da x sau 4, ya daidaita shi da sifiri, ya sami faɗi 10, tsawo 20, fili 200. Da irin wannan tambaya injiniya yake neman yadda zai yi tankin ruwa da ƙarfe mafi ƙaranci, malamin gona kuma yake neman inda ƙarin taki ya daina biyan kuɗinsa.

Ɗaya rabin kuwa tarawa ne. Rumbun ƙasa yana da tumbi a tsakiya, ya tsuke sama da ƙasa, ba wata ƙa'idar firamare da za ta faɗa maka hatsin da zai ci. Sai a yanka shi cikin tunani fale-fale kamar albasa, a auna kowane falle, a tara. Gwargwadon sirantar fallayen, gwargwadon kusantar amsar ga gaskiya. Abin mamakin shi ne, wannan tarawa da waccan rabawa kishiyoyin juna ne, ɗaya tana kwance abin da ɗaya ta ɗaura. Mutum biyu suka gane haka, kowa daban. Ishaku Niyuton na Ingila ya fara aikinsa a 1665 da 1666, sa'ad da annoba ta sa aka rufe jami'ar Kambirij ya koma gida. Laibniz na Jamus kuwa ya riga shi bugawa, a 1684. Mabiyansu sun daɗe suna jayayya a kan wanda ya fara, amma alamomin da 'ya'yanmu suke rubutawa yau galibi na Laibniz ne.

Sai ƙididdiga, wadda a ganina ta fi sauran shafar rayuwar iyali. Darasinta na fari shi ne kada a ruɗe ka da matsakaici. A ƙauye mai gida 10, in gida 9 kowa ya sami buhu 10, mutum ɗaya ya sami buhu 210, jimla 300 ke nan, matsakaici buhu 30. Mai rahoto zai iya cewa ƙauyen yana cikin wadata, bai kuwa yi ƙarya ba, amma gida tara ba su ga ko rabin wannan ba. Ɗalibi yakan koyi ya jera lambobin ya dubi ta tsakiya, ita ce 10. Yakan koyi ɗiban samfur kuma. Mai sayen hatsi a kasuwa ya san wannan tuntuni, shi ya sa ba ya yarda da abin da ke bakin buhu, sai ya soka ƙarfe sama da tsakiya da ƙasa. A 1854 kwalara ta kashe mutum sama da 600 a wata unguwar Landan. Wani likita mai suna Jon Sino ya bi ya binciki inda mamatan suke zaune, ya ga sun taru ne kewaye da famfo guda. Aka cire hannun famfon. A lokacin nan yawancin likitoci suna cewa iska mai wari ce ke kawo cutar, ƙirga ce ta nuna ruwa ne.

Akwai wani lissafi da nake roƙon kowane fasto da kowace shugabar zumuntar mata su riƙe. Ikkilisiyoyi da yawa suna neman gwajin jini kafin a ɗaura aure saboda ciwon sikila. In miji da mata duka AS ne, kowane ciki yana da kashi ɗaya cikin huɗu na zuwa da SS. Mutane sukan fassara wannan su ce, ai cikin 'ya'ya huɗu ɗaya ne kawai, in ya riga ya zo sauran sun tsira. Kuskure ne mai tsada. Ciki bai san abin da ya faru da na gabansa ba, kowanne daga farko yake farawa. In aka ninka uku bisa huɗu sau huɗu, za a sami 81 bisa 256. Watau cikin irin waɗannan iyalai masu 'ya'ya huɗu, kusan ɗaya cikin uku ne kaɗai za su wuce ba mai ciwon ko ɗaya. Ubangiji ne mai ba da 'ya'ya, shi ne kuma ya ba mu hankalin ƙirga. Shi kansa Yesu, cikin Luka sura 14, ya yi misali da mai son gina hasumiya, wanda ya kamata ya zauna tukuna ya lissafta abin da za ta ci.

Yanzu ku duba baya. Daidaita aljabara yana ƙarewa da rabawa. Iyakar kalkulas rabawa ce. Lissafin sikila ninka gutsure ne da gutsure. Saboda haka nake cewa yaron da ya faɗi kalkulas a jami'a, sau da yawa ba kalkulas ne ya kā da shi ba. Rabi da sulusi da rubu'i ne, waɗanda ya tsallake yana ɗan shekara tara ba wanda ya lura. Tarihi in ka rasa babi ɗaya kana iya gane na gaba, lissafi kuwa gini ne, tubalin da aka bari ɗanye a ƙasa shi zai tsage bangon. Malamin jami'a yana fuskantar ɗaruruwan ɗalibai a ɗakin lacca guda, ba zai koma aji huɗu domin mutum ɗaya ba.

A nan ne zan yi magana a fili a kan iyayen da suke biyan kuɗi a kai yaro wata cibiyar jarrabawa inda ake rubuta amsa a allo. Wasunsu dattawa ne a majami'a. Ban da zunubin da ke ciki, ciniki ne na hasara. Takardar za ta kai shi ƙofar jami'a, amma ba za ta shiga ɗakin jarrabawa tare da shi ba. Gara ya sake shekara ɗaya a gida ya iya abin, da ya yi shekara biyu can ya komo hannu wofi. Haka kuma kada a ce wa 'ya mace lissafi na maza ne. Grace Alele-Williams ta sami digirin dakta a fannin koyar da lissafi a jami'ar Shikago a 1963, a 1985 kuma ta zama mace ta fari da ta shugabanci jami'a a Nijeriya, watau ta Benin. Yarinyar da take lissafta canji a ka a gaban tiren uwarta ba tare da kuskure ba, ta riga ta nuna tana da kan abin.

Ba sai kuna da ilimi mai zurfi za ku taimaka ba. Ku ware wa yaro rabin awa kowace yamma da fensir a hannu, gama ba a koyon lissafi da kallo. Ku sa ya faɗa muku da Hausa yadda ya sami amsa, ba amsar kaɗai ba. A majami'un da suke da ɗaliban jami'a, a roƙe su su zauna da ƙannensu lokacin hutu, ko da sau biyu a mako, ɗakin makarantar Lahadi ai a rufe yake sauran kwanaki. A daren nan kuma ku gwada ɗanku na sakandare da tambaya biyu. Wanne ya fi girma, ɗaya bisa uku ko ɗaya bisa huɗu? Rabi a tara da sulusi nawa ke nan? In ya ce biyar bisa shida, madalla. In ya ce biyu bisa biyar, watau ya tara na sama da na sama, na ƙasa da na ƙasa, to, ku ɗauko rake ku yanka shi gaɓa shida daidai, ku ba shi uku, ku ƙara masa biyu, ya ƙirga da hannunsa. Gobe da safe kuma ku je ku ga malaminsa.